Yaran Bos Ma Suna Da Suna

A wurin mai kallon fim ɗin faɗa a ƙasar nan, mutum biyu ne kacal a cikin fim, wato akta da bos. Akta shi ne wanda ba ya mutuwa, bos kuma shi ne wanda ba ya mutuwa sai a ƙarshe. Duk wanda ya rage, in dai an buge shi ya faɗi, sunansa ɗaya ne, yaron bos. Da zarar bos ya kai ƙasa kallo ya ƙare, sai a miƙe ana karkaɗe wando ana musu a kan dukan da ya fi zafi, sunaye kuwa su yi ta hawa a kan baƙin allo har su ƙare babu wanda ya ɗaga ido. Abin da nake son jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai a kai shi ne waɗannan sunaye da ba a karantawa, da kuma waɗanda ko rubuta su ba a yi ba. A nawa ganin, a cikin wannan jeri ne ake gane wanda masu fim suka ɗauka mutum da wanda suka ɗauka kayan aiki. Maganar ta shafe mu duka ta fuskar harshe, ni kuma ta shafe ni ta wata fuskar daban, kasancewata ɗan Kudancin Kaduna wanda ya buɗe baki da Jju a gida, Hausa kuwa a kasuwar Kafanchan da filin makaranta na tsince ta.

Bari mu fara da fim ɗin da iyayenmu maza suka fi ba da labarinsa, wato Enter the Dragon na 1973. Labarin masu laifi ne. Wani attajiri mai suna Han yana da tsibirinsa na kansa, inda yake shirya gasar faɗa, a ƙarƙashin ƙasa kuwa ƙwaya yake sarrafawa yana safarar mata. Sai jami'an leƙen asiri suka tura Burus Li ya shiga gasar domin ya samo hujja. Burus Li ba ya bukatar gabatarwa, kuma bai ga irin kasuwar da fim ɗin ya yi ba, domin ya rasu ranar 20 ga Yuli, 1973 yana da shekara 32, kafin a fara nuna shi. Robert Clouse ne ya ba da umarni, Michael Allin ya rubuta labarin, Lalo Schifrin ɗan ƙasar Ajantina ya yi kiɗan nan da har yau ake ganewa da jin farkonsa, Fred Weintraub da Paul Heller tare da Raymond Chow na kamfanin Golden Harvest suka shirya shi a Hong Kong da kuɗin da bai wuce kimanin dala 850,000 ba. Waɗannan duk an san da zamansu.

To, ga waɗanda ba a sanar da mai kallo ba. Ƙaton saurayin da Burus Li ya kara da shi a buɗewar fim ɗin, Sammo Hung ne. Wasu daga cikin alkafurar da muke tafa wa Burus Li, Yuen Wah ne ya yi su a madadinsa. A faɗan da aka yi a kogon ƙarƙashin ƙasa kuma, akwai wani yaron bos da Burus Li ya cafke gashinsa ya karya masa wuya. Yaron nan bai cika shekara ashirin ba a lokacin, shi ne Jaki Can, kuma shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda sandar Burus Li ta same shi a fuska da gaske a wajen ɗaukar fim ɗin. Su ukun nan makaranta ɗaya suka fito, ta wani malamin wasan dandali mai suna Yu Jim-yuen, inda ake kai yaro tun yana ƙarami ya shekara da shekaru yana koyon tsalle da faɗuwa. Babu sunan ko ɗayansu a jerin 'yan wasa. Shi kansa bos, wato Shih Kien, dattijo ne ɗan kimanin shekara 60 da ba ya jin Turanci, saboda haka muryar da muke ji tana fitowa daga bakinsa ta wani ne mai suna Keye Luke, shi ma ba a rubuta shi ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Bolo. An rubuta sunansa Yang Sze, amma sunan da aka ba shi a cikin labarin ya danne na yanka, har shi ma ya haƙura ya koma amsa Bolo.

Me ya sa nake ganin wannan rashin adalci ne? Domin duka a fim, mai karɓa ne yake yin sa. Hannun akta ba ya taɓa fuskar abokin wasansa, wucewa yake yi ta gabanta da tazarar ɗan yatsa ko fiye. Mai ɗaukar hoto ne zai tsaya a inda tazarar ba za ta fito ba, yawanci ta bayan kafaɗar ɗayansu. Yaron bos ne zai fizge kansa a daidai lokacin, in ya yi gaggawa a ga ƙarya, in ya yi jinkiri ya rasa haƙori, sannan ya watsar da jikinsa a ƙasa mai tauri, a ce bai yi ba ya tashi ya sake, wani lokaci sau goma. Bayan an koma ɗakin tace hoto, mai tacewa zai cire 'yan hotuna kaɗan domin hannun ya ƙara sauri, mai sauti kuma ya ɗora ƙarar da muke ji har cikin ƙirjinmu. Ashe naushi ɗaya aikin mutum biyar ne, ban da wanda ya zauna ya tsara faɗan taki bayan taki kamar mai tsara rawa. A cikinsu wanda ya fi hutawa shi ne wanda hotonsa yake kan fasta.

Jaki Can da ya zama mai gida bai manta da inda ya fito ba, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni game da shi, fiye da barkwancinsa. Ya kafa ƙungiyarsa ta 'yan kasada, waɗanda yake aiki da su fim bayan fim. A Police Story na 1985, labarin ɗan sandan da yake farautar wani dillalin ƙwaya, akwai inda motar safa mai hawa biyu ta ci birki mutane suka faso gilashin sama suka faɗo. An shirya su sauka a kan wata ƙaramar mota ne, amma suka kuskure ta suka daki kwalta, kuma abin da muke gani a fim ɗin ke nan. Shi ma da ya sulalo a jikin dogon ƙarfen nan mai ƙwayayen lantarki a cikin kantin zamani, sai da tafukansa suka ƙone ƙugunsa ya goce. Ya mayar da ita al'ada a ƙarshen fina-finansa a riƙa nuna kurakurai da raunukan da aka ji a gefen sunayen ma'aikata, abin da ya sa mutane suke zama har jerin ya ƙare. Masu ba da kyautar fim a Hong Kong sun ware kyautar tsara faɗa tun farkon shekarun 1980. Amurka kuwa, duk da ƙasaitarta, sai a Afrilun 2025 masu kyautar Oscar suka sanar da cewa za su fara ba da irinta a bikinsu na ɗari, a 2028. Wato wulaƙanta mai faɗuwa ba ciwon talaka ba ne kaɗai.

Mu dawo gida. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka fim ɗin Hausa da soyayya da rawa ya fara, alhali kuwa akwai ƙafar 'yan kareti a cikin tushensa. Gidajen silima na Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba da Wapa sun daɗe suna nuna fim ɗin Cainis tare da na Indiya da na Amurka. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna a rubuce-rubucensa cewa tun farkon shekarun 1980, kafin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, akwai samari irin su Sani Lamma da Hamisu Gurgu da Sidiya Baƙar Indiya da suke ɗaukar wasanninsu a kaset ɗin bidiyo, kuma daga cikin abin da aka ɗauka a wancan zamani akwai Hukuma Maganin 'Yan Banza, wanda aka gina a kan salon fim ɗin Cainis. Ko daga sunan ka san labarin masu laifi ne. Waɗannan sunaye ukun sun tsira ne saboda wani malami ya bi sawu ya rubuta. Sauran samarin da suka yi tsalle suka faɗi a gaban kyamarar fa? Bayan Sangaya ya fito a 1999 kasuwa ta karkata ga waƙa da rawa, mai iya faɗuwa ya zama ba a nemansa sai in za a yi wa jarumi fashi a hanya.

Duk da haka fim ɗin faɗa bai mutu ba. A shekarun 2010 Adam A. Zango, wanda asalinsa ɗan Zangon Kataf ne a nan yankinmu ko da yake a Jos ya tashi, ya fito a Basaja a matsayin ɗan damfara, ya kuma fito a Gwaska da fuska a rufe yana karɓa daga masu kuɗi. Shu'aibu Lawan Kumurci da Tijjani Asase sun yi suna a fitowar mugu. Da fina-finai masu dogon zango suka koma YouTube, labarin 'yan daba ya samu kasuwa, har Daddy Hikima ya wayi gari yara ba su san shi da wani suna ba sai Abale, kamar dai yadda ta faru da Bolo. A 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim. An yi ta muhawara a kan ko irin waɗannan fina-finai suna koya wa yara ta'asa, kuma ba zan ce damuwar ba ta da tushe ba, domin na ga yaran unguwa suna kwaikwayon tafiyar 'yan daban fim. Sai dai a duk muhawarar ban ji wanda ya tambayi halin da samarin da ke bayan bos suke ciki ba, nawa ake ba su, wa yake kai su asibiti in gora ta sauka a inda ba a shirya ba.

A Kafanchan ba mu da masana'antar fim da za a kira masana'anta, amma muna da samari da wayoyi. Mu ba mu tarar da zamanin kaset ba, faifan sidi mai fim ashirin a ciki muka tarar, daga baya kuma masu tura fim a waya a bakin kasuwa. Duk wanda ya taso a haka ya taɓa ɗaure kansa da ƙyalle ya daki iska. Yanzu wasu sun wuce nan, suna haɗa kuɗi su ɗauki gajeren fim su ɗora a Facebook ko TikTok, kuma Allah ya ba su wuraren da mai fim a Kano zai biya kuɗin mota ya zo nema: duwatsun Kagoro, da ruwan Matsirga, da tsofaffin gine-ginen ma'aikatan jirgin ƙasa, a garin da mahaɗar dogo ta raya tun 1927. Na taɓa raka wani abokina wajen irin wannan ɗauka a gindin dutse. Su tara ne, takwas yaran bos. Aka ce wani ya diro daga kan dutsen da ya fi shi tsawo sau biyu, babu katifa, babu ko tarin kwali, sai ciyawa. Ya diro, ya dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya karye. Aka ɗauke shi a babur zuwa wurin mai ɗori, mahaifiyarsa ce ta biya, kuma ya rasa aikin gona na wannan damina, shi da yake taya ta noman citta. Da fim ɗin ya fito, sunan wanda ya yi akta ya bayyana sau huɗu, shi ne mai labari, shi ne darakta, shi ne furodusa, shi ne jarumi. Sauran takwas ɗin aka haɗa su a layi ɗaya da Turanci, aka ce ana godiya ga dukkan samari.

Akwai kuma haɗarin da ya fi karaya. Yankinmu yanki ne na shingayen jami'an tsaro da 'yan sintiri, inda mutane suke kwana da kunne ɗaya a buɗe. Samari takwas su shiga daji da bindigogin katako da fuska a rufe ba tare da an sanar da dagaci ko ofishin 'yan sanda ba, wannan neman mutuwa ne. A inda aka san aikin, akwai mutumin da aikinsa kawai shi ne neman izini da sanar da mutanen wuri, akwai kuma wanda aikinsa shi ne kula da makamai. Ko a Amurka, sakaci da bindigar wasa ne ya kashe Brandon, ɗan Burus Li, a 1993 yana da shekara 28, ana cikin ɗaukar The Crow. Waɗannan ayyuka ba a ganinsu a allo, shi ya sa mai ƙaramin jari yake fara tsallake su.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mini nauyi, kuma ina roƙon 'yan'uwana da Hausa take harshen uwa a gare su su saurare ni da kunnen basira. Fim ɗin masu laifi dole ya samu mai laifi. Wani ne zai zauna ya yanke wa zai hau wannan matsayi, wane suna za a ba shi, wace hula zai sa, kuma da wace irin Hausa zai yi magana. Mun san yadda fina-finan barkwanci suka daɗe suna cin kasuwa da karyayyar Hausa, daga Ɗan Gwari zuwa Baban Chinedu. Kalmar gwaranci kanta, in muka tsaya muka dube ta da idon ɗaliban harshe, sunan wata al'umma ce aka mayar ma'aunin rashin iya magana. Hausar da ake yi a Kafanchan da Zonkwa da Kwoi tana da kamanninta: ba kowa ne yake bambanta ƙ da k ko ɗ da d ba, ts takan koma s, jinsi kuma yakan ɓace har ka ji an ce yarinya ya zo. A aji muna kiran wannan abin nazari. A fim kuwa, in aka ɗora wannan harshe a bakin mashayi da ɗan fashi kullum, aka bar wa jarumi daidaitacciyar Hausa, to an koya wa yaro a Katsina ko Gusau, wanda bai taɓa zuwa Kudancin Kaduna ba, ya gane mugu da jin muryarsa. Muryar nan kuwa irin ta mahaifiyata ce.

Kada a ɗauka gefe ɗaya nake nuna wa yatsa. A 'yan gajerun fina-finan da samarinmu suke yi, mai garkuwa da mutane kusan kullum da malfa da sanda yake fitowa, yana Hausa da karin Fulatanci, ko kuma a sa masa rawani a ba shi sunan da kowa ya san na wane ɓangare ne. Ciwo ɗaya ne. Garin da ya ga rikicin Maris na 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, yankin da ya ga na Zangon Kataf a 1992 da na bayan zaɓen Afrilun 2011 lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone, bai kamata ya yi wasa da rabon matsayi a fim ba. Ƙungiyar ɓarayi ta gaskiya ba ta tambayar coci ko masallaci kafin ta raba ganima, akwai mai kawo rahoto, akwai mai sayen kayan sata, akwai mai kai abinci daji. Fim ɗin da ya nuna haka ya fi kusa da gaskiya, ya kuma fi daɗin kallo, domin mai kallo ba zai gane bos tun daga hularsa ba. Ko masu Enter the Dragon sun san nauyin wannan lissafi. Da gangan suka jera jarumai uku, Basine da Bature John Saxon da baƙar fata Jim Kelly, wanda zakaran kareti ne na gaske, kuma wannan ya jawo musu 'yan kallo baƙaƙe a Amurka da Afirka. Amma a lura da wanda aka kashe tun fim bai ƙare ba a cikin ukun.

Abin da zai gyara wannan shi ne a samu mutanenmu a bayan kyamara tare da 'yan'uwansu Hausawa da Fulani, tun daga teburin rubuta labari. In akwai Bajju ko Atyap ko Ham a cikin masu rubutu, akwai Bafulatani a cikin masu zaɓen 'yan wasa, wani zai ce a'a kafin a kunna kyamara. Masana'antar fim ɗin Hausa ba ta taɓa zama ta ƙabila ɗaya ba. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a Janairun 2024, a Maiduguri aka haife shi, mahaifinsa ɗan Balanga ne ta Jihar Gombe. Hadiza Gabon daga wata ƙasa ma ta zo. Hukumar da aka ba Ali Nuhu tana Jos ne tare da makarantarta ta koyon aikin fim, nan kusa da mu, amma samarinmu sun fi son tsayawa a gaban kyamara da zuwa koyon riƙe ta.

Na san abin da furodusa zai ce: babu kuɗi, kuma fuskar jarumi ake saye. Gaskiya ne, ba wanda zai sayi kati ya buɗe data domin yaron bos na shida. Amma rubuta suna ba ya cin ko kwabo, tarin kwali da tsohuwar katifa ma ba su kai kuɗin man janareta na yini ɗaya ba. A unguwar Wakaliga ta birnin Kampala, Isaac Nabwana ya yi Who Killed Captain Alex? a 2010 da kuɗin da bai kai dala 200 ba, da bindigogin da aka ƙera da tarkacen ƙarfe, amma 'yan wasansa sun yi atisayen kunfu na gaske kafin su tsaya gaban kyamara, har mai sharhin da yake surutu a kan fim ɗin, VJ Emmie, duniya ta san sunansa. A Indonesiya, Gareth Evans ya tsinci Iko Uwais a makarantar silat yana aikin tuƙi, ya ɗauko shi tare da Yayan Ruhian suka tsara faɗan The Raid na 2011 da salon faɗan ƙasarsu. Mu da muke da dambe da kokawa, me ya kai mu kwaikwayon tsayuwar Shaolin a gindin dutsen Kagoro? Ɗan damben da ya saba shiga turmi ya san tazara, ya san lokaci, ya san yadda ake faɗuwa, ga kalangu ga kirari, ga tsohuwar gaba tsakanin Kudu da Arewa da Guramada wadda ta isa labari ita kaɗai. Abin da ya rage shi ne a koya masa tsayar da hannu kafin ya isa, wanda na yarda ba ƙaramin aiki ba ne ga mutumin da aka horar ya yi kisa.

Aikin da ya rataya a wuyanmu mu ɗaliban harshe shi ne na suna. Fim ɗin Hausa ya riga ya samar da kalmomi masu kyau: tsara labari, shiryawa, ba da umarni, ɗaukar nauyi, ɗaukar hoto, tace hoto. Wasu kuma an are su sun zauna daram, irin su lokeshan da kwantiniti, ban ga dalilin korarsu ba. Amma ayyukan fim ɗin faɗa ba su da suna tsayayye, kuma aikin da ba shi da suna da wuya a yi cinikin ladansa. Wanda ya tsara faɗa a kira shi mai tsara faɗa, a rubuta shi kusa da mai ba da umarni. Wanda ya yi tsalle ko ya faɗo daga sama, ni ɗan kasada nake kiransa, ko da yake wani abokin karatuna ya ce kalmar tana ɗauke da ma'anar ganganci, alhali gwanin wannan aiki shi ne wanda ya fi kowa lissafi. Yana da hujja, shi ya sa na kawo maganar nan domin a tattauna. Wanda ya tsaya a madadin jarumi kamar yadda Yuen Wah ya yi, madadi ta ishe shi. Sai masu murya. Fina-finan Indiya da ake fassarawa da Hausa, waɗanda kamfanoni irin su Algaita suka yi fice a kansu, yawancinsu na faɗa ne da 'yan sanda da 'yan ta'adda, kuma rabin daɗinsu daga bakin mai fassara yake fitowa, shi ne yake ƙirƙiro baƙar maganar da yara suke ɗauka su yi ta yawo da ita. Wannan fassara ce da ta cancanci nazari kamar kowace, kuma masu yin ta Keye Luke ne na zamaninmu.

Ina ba malamanmu shawara su buɗe wa masu neman batun kundin digiri wannan ƙofa. Ɗalibi ya ɗauki fim goma na faɗa, na Kano da na Jos da na samarin Kudancin Kaduna, ya ƙirga mutanen da aka buge a allo, ya tsayar da hoton a ƙarshe ya ƙirga sunayen da aka rubuta, ya kuma lura da irin Hausar da aka sa a bakin kowane mai laifi. Wani kuma ya ɗauki rikoda ya tafi Kano ya nemi tsofaffin 'yan kareti na farkon shekarun 1980, ya tambaye su kalmomin da suke amfani da su a wajen atisaye da wajen ɗauka. Wannan na biyun ya fi gaggawa, domin samarin da suka yi alkafura a gaban kyamarar Sani Lamma, waɗanda suke raye a cikinsu, yanzu sun doshi shekara sittin ko sun haura.